Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana Kan Rijistar Tambarin Yajinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya shugaba, iyayenmu mata na kwamitin dattawa, yayyena da kannena 'yan kungiya, barkanmu da ganin karshen wannan shekara lafiya. Kamar yadda muka saba ga rahoton abinda aka yi, na rubuto shi nan ne saboda wadanda basa samun zuwa taro, musamman 'yan uwanmu na Wudil da Bichi da kudin mota ke hanawa.

Zan fara da kananan abubuwa a gurguje dan maganar tambari ita ce ta cinye mana shekarar. Adashe ya zagaya lafiya ba wadda aka ci hakkinta, alhamdulillah. Sayen kaya a dunkule daga Dawanau ya ci gaba, barkono da kanumfari da masoro mun same su da dan sauki, citta ce dai har yanzu take bamu wahala, tun cutar da ta fadawa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 bamu sake ganin farashin da ba, shi yasa wasunku suka ga an rage yawan yajin citta. Injin nika an gyara shi sau biyu. Mun kuma samu rumfa a kasuwar baje koli ta Kano kamar bara. Wannan kenan.

To maganar tambari. Da yawa a cikinmu har yanzu suna tambaya wai ba mun yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni da kungiyoyi, ba tuntuni, me kuma ake nema? Dan Allah a fahimta, ta CAC rijistar sunan kungiya ce, bata hana wani ya buga sunan yajinmu da hotonmu a ledarsa. Wadda take karewa ita ce rijistar tambarin kasuwanci, ana yinta a ofishin rijistar tambura dake karkashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya a Abuja, bisa dokar tambura ta 1965. Kuma NAFDAC ma idan kin je neman lamba da sunan kayanki suna so su ga shaidar cewa sunan naki ne, to kun ga babu yadda zamu shiga manyan kantuna ba tare da mun bi ta nan ba. Kaya da ayyuka an kasa su aji 45, namu yaji da garin kunu suna aji na 30, a nan muka shigar.

Mun cike fom, mun biya, aka bamu takardar shaidar sun karba. Mu a tunaninmu shikenan sai jiran satifiket. Ashe bayan karba akwai mai dubawa da zai zauna ya tantance tambarin, shi ne ya rubuto cewa yana da ja a kansa. Takardar bata iso hannun kwamiti da wuri ba, ta kwanta a wajen wanda ya shigar mana da farko, sai bayan karamar sallah da Hajiya shugaba ta matsa da kira sannan aka turo mana hotonta a WhatsApp. Wallahi ranar da na karantawa kwamiti wasu har hawaye, dan kowa ta dauka an yi watsi da mu ne kudi sun tafi, har aka fara cewa a canza suna kawai a huta. Sunan da iyayenmu suka shekara da shekaru suna tallansa gida gida, a ce a yar da shi saboda takarda daya, ni dai raina bai kwanta ba kuma na fada a wajen.

Allah ya taimake mu 'yar daya daga cikin membobinmu lauya ce, ta zauna damu ta warware takardar layi layi. Tace wannan ba hukuncin karshe bane, tambaya ce ake mana, wanda ya amsa da hujja ana saurarensa, wanda yayi shiru shi ne ake dauka ya hakura da nemansa. Abubuwa biyu ne suka tayar.

Na farko, a cikin sunan namu akwai kalmar Kano da kalmar yaji. Sashe na 9 na dokar yana so tambari ya zama mai bambanta kayanki da na wasu, sunan gari kuwa ko kalmar da take fadin menene kayan kai tsaye basa bambanta komai. Da farko na ji haushi amma da na yi tunani gaskiya ce, in aka bamu kalmar yaji mu kadai to makwabciyata da take daka nata a Kurna ta rubuta me a robarta? A nan bamu yi gardama ba. Sashe na 15 ya bada dama a yi rijistar tambari da sharadin kin yarda wani bangare nasa ba mallakinki bane ke kadai, sai muka rubuta cewa mun janye hannu daga Kano da yaji a matsayin kalmomi, abinda muke nema shi ne daya kalmar da iyayenmu suka kirkiro hade da zanen turmi da tabarya da yadda aka jera su gaba daya.

Na biyu shi ne mai nauyin. Sunce akwai wani tambari da ya riga mu a aji na 30 wanda yake kama da namu, sashe na 13 kuma ya hana a yi rijistar abinda zai rikita mai saye ya dauki wannan a matsayin wancan. Lauyarmu ta sa aka binciko wancan din, muka ajiye su gefe da gefe akan tabarma muna kallo. Harafin farko biyu ne suka zo daya, amma a baki basa kama, ma'ana ba daya ba, zanensu daban launinsu daban, kuma su kayan fulawa suke yi. Duk wannan aka rubuta dalla dalla. Sannan muka rage jerin kayan da muka nema, dan a fom din farko an lissafo mana har biskit da burodi da alawa, abubuwan da ko daya bama yi, suna cikin abinda ya jawo karon. Muka tsaya akan yaji, kayan kamshin miya da garin kunu kawai.

Amma abinda ya fi tsaya min a rai shi ne neman shaidar cewa mun dade muna amfani da sunan. A nan na ga amfanin tsofaffi. Mu matasan cikinmu komai a waya yake, waya ta lalace ko an sace shikenan, ni kaina da kyar na samo hotuna kadan a tsohon shafinmu na Facebook. Sai ga Inna, wadda duk kun san bata yar da takarda, ta bude akwatinta ta fito da rasit na madaba'ar da ta buga mana sitika ta farko da kwanan wata a jiki, da tsofaffin ledoji uku da littafin da take rubuta masu sari da ajami. Wata ta kawo hoton rumfarmu na baje koli da tambarin a bayanta baro baro. Masu shago biyu a kasuwar Singer da suka dade suna daukar kayanmu suka yarda suka rubuta mana shaida. Hajiya shugaba ta je kotu tayi takardar rantsuwa aka hada komai aka tura. Littafin Inna sai da aka juya shi zuwa boko da turanci, dare biyu muka yi a kai ita tana karantawa ina rubutawa, Allah ya saka mata da alheri ya kara lafiya.

Bayan damina ta ja baya takardar amincewa ta fito. Alhamdulillah. Mun riga mun kai kwafinta cikin takardunmu na NAFDAC.

Sai dai kada a fara guda tukuna, da sauran rina a kaba. Yanzu za a buga tambarin a mujallar tambura ta gwamnati, daga ranar da ya fito kowa yana da wata 2 ya shigar da kalubale in yana ganin mun shiga hakkinsa, wannan sashe na 20 ne. In hakan ta faru mu kuma wata 1 kacal gare mu daga ranar da takardar ta same mu mu mayar da martani a rubuce, in muka wuce ana dauka mun bar neman. Shi yasa kwamiti ya canza adireshin karbar sako ya koma ofishin lauyarmu, kuma an ware kudi daga asusu an ajiye su saboda wannan kadai, kada a zo ana karo karo lokaci na tafiya. In ba wanda ya ja, sai satifiket, yana aiki shekara 7 ana kirgawa daga ranar da muka shigar, bayan nan sabuntawa duk shekara 14.

Ina rokon masu buga sitika da kansu, dan Allah kada wadda ta sa alamar R din nan mai da'ira a leda yanzu, laifi ne a doka ka nuna tambari yana da rijista alhali bai samu ba. TM, wato alamar da take nuna tambarin kasuwanci ne ba tare da cewa yana da rijista ba, za a iya sawa. Kuma kada a taba zanen ko a sauya launi ko a kara wata kalma, yadda muka tura haka zai zauna. Masu man gyada kuma wannan rijistar bata rufe ku ba, mai yana aji na 29, nema daban ne da kudinsa daban, zamu tattauna ko kungiya zata dauki nauyi a shekara mai zuwa.

Ma'aji zata karanto kudin shiga da na fita a taron karshen wata da rasit dinsu, har da na lauya wadda kudin mota da na takardu kawai ta karba. Kowa ta taho da duk wani tsohon rasit, leda ko hoto mai tambarinmu da ya rage a dakinta, zamu dauki hotonsu mu hada fayil daya a ajiye a gidan Hajiya shugaba, kwafi daya kuma wajen lauya.

Taku,
Sakatariya