A Bi Doka Wajen Sasanta Rikicin Ƙungiyoyin Ƙwadago

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan rikicin da ke ɓarkewa tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago, musamman na sufuri, wanda mu mazauna Agege da Mile 12 muke ɗanɗana kuɗarsa duk lokacin da aka rufe tasha saboda ƙungiyoyi biyu na jayayya kan wadda ke da ikon yankan tikiti.

Abin takaicin shi ne doka ba ta bar giɓi ba. Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta 1973 ta hana Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago yi wa sabuwar ƙungiya rajista muddin akwai wadda ke wakiltar waɗannan ma'aikata yadda ya kamata, kuma gyaran 2005 ya bai wa kowane ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiya bisa raɗin kansa. Idan saɓani ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa shari'arsa ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take zama a nan Ikoyi. Amma shugabanni sun fi gaggawar tara zauna-gari-banza da kai ƙara, wataƙila don kuɗin tikiti ba ya jiran ɗage zama.

Ina kira ga manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, wato NLC da TUC, su wajabta wa ƙungiyoyinsu zaman sulhu mai ƙayyadadden wa'adi, sannan a haramta karɓe tasha ko janye mambobin wata ƙungiya kafin a yanke hukunci.

Naku,
Wani direban babbar mota,
Agege, Legas.