Wasiƙa zuwa ga Habibu a kan fedar jitarsa

Agege, Legas.

Assalamu alaikum Malam Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Damagaram, ya zafi? Mu nan damina ta kankama, danshi sai sa wa tsirkiyoyin jita tsatsa yake yi, amma mun gode Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma saurari abin da ka naɗo a wurin bikin. Ka ce da zarar ka taka fedar, wato 'yar na'urar nan da ke sa sautin jita kaushi, sai jitar ta nutse a cikin ganguna, har kana tunanin sayar da fedar. Don Allah kar ka sayar. Tun 1981 kamfanin Boss ke ƙera irin wannan fedar, SD-1, kuma a yadda na ji, fedarka lafiyarta ƙalau. Saitin maɓallan nan uku ne bai zauna ba: Drive na kaushi, Level na ƙara, da Tone na kaifin sauti.

Ka murɗa Drive har ƙarshe, ko ba haka ba? Na ji shi a kunnena. Aikin wannan maɓallin shi ne ya aske kan sautin don ya yi kaushi. Idan askin ya yi yawa, bugu mai ƙarfi da mai taushi sai su fito daidai, wannan ɗan "tas" da ke fita lokacin da ka taɓa tsirkiya ya ɓace. Shi kuwa kunne da shi yake gane jita a tsakiyar kalangu. Hannunka kuma yana da daɗi, mutumina, abin takaici ne a ce na'ura ta binne shi. Dawo da maɓallin wajen ƙarfe tara ko goma, kamar hannun agogo.

Sai Level, inda na fi so ka natsu. Fara kashe fedar, ka saita amfilifaya a kan ƙarar da za ka yi wasa da ita a fili. Buga, taka, sake bugawa. Ka yi ta gyarawa har ƙarar ta zama ɗaya ko ka taka ko ba ka taka ba, sannan ka ɗan ƙara kaɗan saboda wurin da kai za ka ja waƙar. Dalilin daidaitawar shi ne kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, don haka ba za ka iya auna amo da gaskiya ba sai ƙarar ta zo ɗaya. Kuma kar ka yi wannan saitin a ɗaki da dare. Idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya jin kauri da kaifi sosai, sai ka cika Tone, washegari a gaban jama'a ya riƙa soke wa mutane kunne.

Shi Tone fara shi daga ƙarfe goma sha biyu, 'yan ƙungiya suna kiɗa kana gyarawa. Irin wannan fedar, da 'yar uwarta Tube Screamer ta Ibanez, suna rage kauri su turo tsakiyar sauti gaba. Kai kaɗai za ka ji ta kamar mai magana ta hanci. Bar ta haka. Mai bes ya riƙe ƙasa, farantan ganga sun riƙe sama, tsakiyar nan ce gurbinka. Duk lokacin da ka ƙara Tone, koma ka duba Level, don kaifi yana sa ƙara ta ji kamar ta ƙaru.

Ita na'urar maimaita amo a bayan fedar za ka jona ta, ba a gabanta ba, in ba haka ba amsa-kuwwar ma kaushi za ta yi, komai ya cakuɗe. Idan kuma kana son sauti ya ɗan washe a tsakiyar waƙa, rage maɓallin ƙara na jikin jitar zuwa bakwai, ba sai ka sunkuya ba.

Gurnanin da na ji a ƙarƙashi kuwa, ina zargin janareta ne ko abin jona wutar. Gwada batir mai bolt 9 ka ji ko zai yi shiru. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Alaba, zan sayo maka gajerun wayoyi masu kyau in ba direba ya kai Kano, sai ka sa a karɓar maka.

Ka sake naɗo mini bayan ka gyara, ina jira. Ka gaida Inna da yara, da sauran 'yan ƙungiya.

Naka,
Lawal