Zaman Asabar kan gane ciwon afendis

Assalamu alaikum ƴan'uwa ma'aikatan lafiya na Garwa da kewaye. Ina gajiyar aiki?

Za mu haɗu ranar Asabar mai zuwa, bayan La'asar, a ɗakin taron da muka saba, don mu daidaita hanyar gane afendis: yaushe makin Alvarado (makin da ake ba alamomin ciwon don auna yiwuwarsa) ya isa, yaushe sai an yi ekografi (hoton cikin jiki da na'urar sauti).

Kowa ya sake duba makin kafin ya zo. Goma ne. Zafi idan an danna ƙasan ciki ta dama maki 2 ne, yawan fararen ƙwayoyin jini ma 2, sauran alamomi shida ɗai-ɗai. Daga 7 zuwa sama a kira likitan tiyata. Ƙasa da 5 da wuya afendis ne. Wahalar tana kan 5 da 6, nan ekografi ke da amfani: afendis da kaurinsa ya wuce milimita 6 kuma bai lotsa ba idan an danna, shi ne alamar ciwon. In ba a gan shi ba, ba shi ne lafiya ba, iskar hanji ko ƙiba kan ɓoye shi. A sake taɓa cikin bayan awa shida.

Ga mace mai shekarun haihuwa makin yakan wuce gona da iri, don Allah a fara da gwajin juna biyu. Kada kuma a manta da taifot.

Kowa ya kawo bayanin majinyaci ɗaya, ba suna, da jaka guda ta shayi. Wanda ke gadi (aikin kwana a asibiti) ya sanar nan kafin Alhamis.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya. Na gode.