Godiya ga masu kula da tsohon garin Jidda

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan hukumar kula da Tsohuwar Jidda, ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar Saudiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a fili, kuma da Hausa, domin in gode muku a gaban mutanena. Godiyar taku ce, amma ina so alhazanmu na Najeriya da Nijar su ji irin aikin da kuke yi a Balad, wato tsohon garin Jidda, unguwar da dubbanmu suka taka amma kaɗan ne suka ɗaga kai suka dube ta.

A wurin yawancinmu Balad kasuwa ce kawai. Can ake zuwa sayen tsaraba, jallabiya da abaya da turare da darduma, mai hali ya ƙara da zinare, a cika jaka a koma Madinatul Hujjaj jiran jirgi. Dogayen gidajen nan masu tagogin katako da ke saman shaguna, da yawa a cikinmu kallon kango muke yi musu. Kuma shekarun baya wasunsu sun kusa zama kangon, domin masu gidajen sun daɗe da komawa sababbin unguwanni tun da arzikin mai ya zo, aka bar ginin da gishirin teku da laima da gobara.

Alhali wannan ita ce ƙofar Makka. A shekara ta 26 bayan Hijira Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba. Daga nan arzikin garin ya tsaya a kan alhazai da fatauci. Iskar arewacin Bahar Maliya ba ta barin manyan jirage masu tafiya da iska su haura zuwa Masar cikin sauƙi, saboda haka jiragen Indiya a Jidda suke sauke yadi da kayan yaji, gahawar Yaman ma ta nan take bi, sai ƙananan jirage su kwasa su yi gaba. Abin da ya tara Hadramawa da Indiyawa da Jawawa da Buharawa da mutanen Afirka a gari ɗaya ke nan. Da Turawan Fotugal suka fara kutsowa tekun, Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya sa Husaini al-Kurdi ya zagaye garin da ganuwa, kuma da jiragen yaƙin Fotugal suka zo a 1517 haka suka juya ba su ci garin ba. Ganuwar ta tsaya har 1947, lokacin da aka rushe ta don gari ya faɗaɗa.

Kakanninmu suna cikin wannan tarihi tsundum. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa ta Borno yake bi, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don ya sami guzuri, har ya kai Sawakin a gaɓar Sudan. Wani shekara uku, wani bakwai, wani a hanya zai yi aure ya haihu, wani kuma can kabarinsa yake. Wanda Allah ya nufa ya haye teku, a Jidda yake sauka, ya ratsa kasuwar Alawi, ya fita ta Bab Makka, ya kama hanyar kwana biyu a ƙafa ko a bayan raƙumi. Zuriyar waɗanda ba su koma gida ba suna nan a Jidda da Makka da Madina har yau, wasu da Hausarsu a baki. Shi ya sa idan gida ɗaya ya faɗi a Balad, mu ma an yi mana asara, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Na zo Umra tare da baffana, dattijo ne da ƙafa ta fara gajiya, kuma mahaifinsa yana cikin masu hajjin ƙafa. Shi ya nace sai mun shiga cikin unguwar ya ga inda tsohonsa ya bi. Ma'aikatanku suka ɗauke shi a ƙaramar motar lantarki, wani matashi daga cikinku ya riƙe masa hannu wajen sauka yana ce masa "ya ammi", kamar baffansa na jini. Da ya ji daga inda muka fito da abin da ya kawo mu, sai ya bar hanyar da ya saba bi da baƙi, ya bi da mu titin da alhazai suke bi daga bakin teku zuwa Bab Makka, a hankali, daidai tafiyar tsoho. Da muka isa ƙofar, baffa ya tsaya ya yi wa mahaifinsa addu'a da ƙarfi, yaron nan ya ɗaga hannu yana amsawa da amin alhali ba ya jin Hausa. Ban tambayi sunansa don in yaɗa ba, amma ku sani kuna da irinsa, kuma iyayensa sun yi tarbiyya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kuke gyara. Na tsaya a bakin wani gida da aka tokare da ƙarafa, na ga an kankare tsohon shafe daga bango. Dutsen ginin, wanda kuke kira mangabi, daga gaɓar teku ake saro shi, kuma idan ka matsa kusa za ka ga ƙananan ramuka da ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Bayan kowane 'yan layuka na dutse an shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, shi ke raba nauyi, shi ya sa gida mai hawa huɗu ko biyar ya tsaya a kan dutse marar ƙarfi sosai. A gefe wani kafinta yana zaune da guntayen roshan, tagar katakon nan mai fitowa waje wadda ke shigo da iska ta tare rana, kuma matan gida su ga titi ba a gan su ba. Kowane guntu da lamba a jikinsa. Wanda gara ta ci ko ya ruɓe shi kaɗai yake canzawa, sauran ya goge ya mayar inda ya ciro su. Rushewa a zuba siminti ya fi wannan sauƙi da arha nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Kun zaɓi hanya mai wuya saboda ita ce ke barin gidan ya ci gaba da zama gidan da kakanni suka gina.

Na san aikin bai fara da ku ba. Magajin garin Jidda Muhammad Sa'id Farisi ya yi ƙoƙarin kare unguwar tun shekarun 1970, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Amma sa suna a takarda ba ya hana bango tsagewa. A 2019 aka ware Riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, a 2021 kuma aka ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da unguwar, wadda ke da gine-ginen tarihi sama da 600 da masallatai 36. Ku ne kuke mayar da waɗannan alƙaluma aiki, gida bayan gida, cikin zafin Jidda da kowa ya san shi.

Ina kuma yaba muku kan haƙar da kuka yi. A 2024 kun sanar da samun guntayen kayan tarihi kimanin 25,000 a wurare huɗu, ciki har da masallacin Usman ɗan Affan, inda aka gano ginshiƙan baƙin katako a gefen mihrabi waɗanda bincike ya nuna daga Siri Lanka aka kawo su tun ƙarnonin farko na Musulunci, ga kuma tangaran daga ƙasar Sin. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa Musulmin farko sun yi fatauci har ƙarshen tekun Indiya. Yanzu ina da abin da zan nuna musu.

Gidan Nasif ma mun shiga, wanda aka gama gininsa a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Baffa bai damu da ɗakunan ba kamar yadda ya damu da bishiyar ƙofar gidan, domin yana ganinta ya ce ai darbejiya ce irin ta ƙofar gidanmu. A masallacin Shafi'i muka yi Magariba, sahu cike da 'yan kasuwa da leburori da baƙi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin ya nuna ba ku mayar da wurin abin kallo kawai ba, ana salla, ana ciniki, mai gasa burodi yana aikinsa.

Ina da roƙo guda, kuma roƙon mai ƙauna ne. Alhazan Afirka ta Yamma dubbai ne kowace shekara, da yawansu Hausa kaɗai suke ji. Idan da hali, a sa Hausa cikin harsunan bayanin da ke jikin allunan, ko a sami mai jagora daga cikin 'ya'yan Hausawan Jidda, a kuma keɓe ko da ɗaki ɗaya ne da zai ba da labarin masu hayowa daga Sawakin. Su kuma hukumomin alhazanmu da malaman bita, ina kira gare su da su riƙa ware wa alhazai yammaci guda na zagaya Balad kafin a shiga ciniki.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa magina da kafintoci da masu shara da masu gadi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka gina garin da waɗanda suka ratsa shi zuwa ɗakin Allah. Baffana ya ce in isar da gaisuwarsa ta musamman ga yaron da ya riƙe masa hannu.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
wani malamin makaranta daga Zariya.