Wasiƙa daga Agadas

Assalamu alaikum, Bakano sarkin ciniki.

Shirun nan naka ne, amma Badamagare ba ya fushi da bawansa. Ya ƙafar Hajiya? Amarya fa, har yanzu makullin shago na hannunta?

Ni dai zancen ruwa ne ya hana ni sakat. Ka tuna rijiyar garkar Baba a bakin ƙoramar Telwa, wadda ka rantse bayan Zamzam sai ita? Guga bai yi nisa ba ka tarar da ruwa garau, ga sanyi. To, tun da ƙorama ta kawo a Agusta yaran gidan suke zawo bi da bi, Auta har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Wani ma'aikacin ruwa ya ɗiba ya auna, ya ce ƙwayoyin cutar bayan gida ne a ciki. Ba mamaki. Ƙasar rairayi ce, ruwan kuma a kusa yake. Ga salga, ga turken awaki, ga takin zamanin da ake zuba wa albasa, duk abin da ya nutse rijiya ya nufa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali sinadarin nitrat ne, na taki da kashin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa sai ma ya ƙara taruwa, kuma jarirai ya fi kamawa. Matar Yaya ga ta da tsohon ciki.

Af, Dogo ya dawo daga haƙar zinariya a Jado. Ba zinariya, sai tari da tabarau. Wai aure yake nema!

Na ce a koma shan famfo, Baba ya ce zartsi ne, yana ɓata masa shayi. Iya kuma ta jefo mini Tibirin Maraɗi, inda ruwan burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ya tanƙware ƙafafun yara. Gaskiyarta, zurfi ba shi ne lafiya ba, awo ne. Yanzu dai na samu an yi wa rijiyar murfi, guga ya daina kwana a ƙasa, ana jefa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, a randa. Na jariri kuwa ko Baba zai yi yaji, daga famfo za a ɗebo.

Akwai abin da na so tambayarka, ya shige mini. Kuɗin cukuna dai ban yafe ba.

Naka,
Ubangidanka na Damagaram