Ranar karɓar lasisi ba ita ce ranar sakar wa yaro mota ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ba ta ƙarewa, wato shekarun da ya kamata doka ta yarda matashi ya fara tuƙa mota. Duk sa'ad da aka ji labarin wani yaro ya yi ɓarna da motar gidansu, sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu, wasu na cewa a ƙara yawan shekarun, wasu kuma na cewa ai wane tun yana ɗan sha biyar yake tuƙi kuma ko gogar bango bai taɓa yi ba. Ni dai a matsayina na uban da ya zauna a kujerar gefe yana koya wa ɗansa mota, ina ganin ɓangarorin biyu sun maƙale a kan lamba, sun bar inda gizo yake saƙa.

Ƙasashen duniya kansu ba su yi ittifaƙi a kan lambar ba. A Najeriya da Japan da Indiya da Sin, sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙa mota. A Birtaniya shekara 17 ce, Faransa ma ta sauko zuwa 17 daga farkon 2024, New Zealand kuwa a 2011 ta ɗaga shekarun fara koyo daga 15 zuwa 16. A Amurka kowace jiha da tata dokar: a Dakota ta Kudu, inda gonaki suke da faɗi kuma garuruwa suke nesa da juna, ɗan shekara 14 yana iya samun takardar koyo, alhali a New Jersey sai ya kai 17 kafin a bar shi ya tuƙa shi kaɗai. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 a kan zirga-zirgar tituna ta bai wa kowace ƙasa damar ƙin amincewa da lasisin baƙon da bai kai 18 ba, abin da ke nuna cewa nan ne ra'ayin mafi yawa ya karkata. To amma da a ce lambar ita kaɗai ce magani, da ƙasashen da suka tsaya a kan 18 sun daɗe da rabuwa da haɗurran matasa, kuma kowa ya san ba su rabu da su ba.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne wata guda bayan ɗana ya karɓi lasisinsa. Mun shafe watanni muna fita tare, kuma ban ga abin kushewa a hannunsa ba: yana riƙe sitiyari da kyau, yana sa sigina kafin ya karya kwana, yana shiga da mota da baya cikin wurin da ni kaina sai na gwada sau biyu. Ran nan muna tafe a wani titi mai cunkoso, sai na hangi wata motar haya ta tsaya a gefen hanya can gabanmu, an buɗe ƙofarta, ga kuma ƙafafun wani yaro ina hangowa ta ƙarƙashinta. Ƙafata ta taka birkin da babu shi a gefena tun kafin bakina ya buɗe. Shi kuwa idonsa yana kan bayan motar da ke gabansa, ƙafarsa tana kan totur. Sai da na daka masa tsawa ya taka birki, yaron ya tsallaka da gudu ta gabanmu, tsakaninsa da hancin motar bai kai taku biyu ba. Da muka tsaya na tambaye shi ko bai ga ƙafafun ba, ya ce wallahi bai ma san ana duba ƙarƙashin mota ba. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma ba wanda ya taɓa koya mini hakan da baki. Shekaru ashirin da wani abu a kan titi ne suka koya mini.

Nan ne bambancin sarrafa mota da karanta hanya yake. Na farko ana iya samunsa cikin mako uku, kuma shi ne mafi yawan abin da jarrabawar tuƙi take aunawa. Na biyu kuwa, wato ka san cewa mai babur ɗin nan zai shigo ba tare da ya waiwaya ba, ko ka ji a jikinka cewa titin da aka yi wa yayyafi bayan dogon fari ya fi wanda aka yi wa ruwa mai ƙarfi santsi, sai an tara dubban kilomita kafin ya zauna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma babu inda ya fi zama ƙuƙumi kamar a bayan sitiyari, domin sabon direba yana jin hannunsa ya faɗa daidai lokacin da idonsa bai buɗe ba. Masu nazarin haɗurra sun daɗe da lura cewa ɗan koyo da ke tare da babba a gefensa yana cikin direbobin da suka fi ƙarancin haɗari, amma a watannin farko da ya fara fita shi kaɗai haɗarin yana yin tashin gwauron zabi, sannan ya riƙa sauka a hankali. A Amurka, idan aka auna da nisan tafiyar da aka yi, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

Ba na musun cewa ƙuruciya ita ma tana da nata kason. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki idan zuciya ta ɗebe shi bai gama nuna ba sai an haura shekara ashirin, shi ya sa kamfanonin inshora da masu ba da hayar motoci a ƙasashe da yawa suke tsawwala wa wanda bai kai 25 ba. Sai dai idan an ɗaga shekarun kawai aka tsaya nan, abin da za a samu shi ne ɗan shekara 19 wanda bai san ana duba ƙarƙashin mota ba, maimakon ɗan shekara 17.

Ƙasashen da suka gane haka sun daina ɗaukar lasisi a matsayin ƙofa guda da ake buɗewa rana ɗaya, sun mayar da shi hawa-hawa. New Zealand ce ta fara a 1987, lardin Ontariyo na Kanada ya bi a 1994, jihar Florida kuma a 1996, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Amurka. Hawan farko shi ne koyo tare da babba, kuma wasu sun tsawaita shi ƙwarai. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, matashi yana fara koyo yana ɗan 16, amma sai ya cika littafi da awa 120 na tuƙi, 20 daga ciki da dare, kuma ya kai 18, kafin ya yi jarrabawar fita shi kaɗai. A Faransa ana iya farawa daga 15, a tara kilomita 3,000 tare da babba. Jamus ta yarda ɗan 17 da ya ci jarrabawa ya tuƙa, da sharaɗin akwai wanda aka rubuta sunansa a takarda zaune a motar, wanda ya kai shekara 30 kuma ya yi shekara biyar da lasisi. Abin lura a nan shi ne Faransa da Jamus sun rage shekarun fara koyo ne domin su ƙara wa yaro lokacin da ido yake kansa.

Hawa na biyu ne ya fi ɗaukar hankalina, domin shi ne ya rufe ramin da ɗana ya kusa faɗawa. Matashi ya ci jarrabawa, ana barinsa ya fita shi kaɗai, amma da takunkumi. A Kalifoniya, cikin wata goma sha biyu na farko, direban da bai kai 18 ba ba zai tuƙa tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba ba, kuma ba zai ɗauki fasinjan da bai kai 20 ba, sai idan akwai babba mai lasisi a motar. A New Zealand dokar daren tana farawa ne daga ƙarfe 10. A Faransa sabon direba yana manna alamar A a bayan mota, kuma a babbar hanyar da kowa ke gudun kilomita 130 shi iyakarsa 110. A Japan akwai wata alama mai launin kore da rawaya da ake liƙawa shekara guda, kuma laifi ne wani direba ya matsa wa mai ita ko ya yanko gabansa. A Birtaniya, wanda ya tara maki shida na laifi cikin shekara biyu da cin jarrabawa, lasisinsa ya tafi ke nan, sai ya koma ɗan koyo ya sake jarrabawar rubutu da ta titi. Jamus kuwa tun 2007 ta haramta wa sabon direba da duk wanda bai kai 21 ba tuƙi da ko ɗigon barasa a jikinsa.

Dokar fasinja ce mutane suka fi yi wa dariya idan na kawo ta, suna cewa ina ruwan hukuma da wanda yaro ya rage wa hanya. Amma duk wanda ya taɓa zama saurayi ya san abin da ke faruwa idan samari huɗu suka haɗu a mota guda babu babba. Wannan yana ƙure kiɗa, wancan yana miƙo waya a kalli wani hoto, na baya yana cewa "kai dai matsoraci ne, wuce shi mana", shi kuma mai tuƙin ba ya son a raina shi. Wani nazari da gidauniyar ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar a 2012 ya nuna cewa fasinja matashi guda ɗaya yana ƙara wa direba ɗan 16 ko 17 haɗarin mutuwa da kashi 44 cikin ɗari, biyu suna ninka shi, uku ko fiye suna ninka shi sau huɗu, alhali zaman babba a motar rage shi yake yi. Batun waya kuwa lissafi ne mai sauƙi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka daƙiƙa uku na duba saƙo sun kai fiye da mita 80 da aka tuƙa ido a rufe.

Na san za a ce mini dokar da ba a aiwatarwa rubutu ne a kan takarda, kuma gaskiya ne. Jami'in da ke gefen titi da daddare ba zai iya gane shekarun direba ta gilashi ba, shi ya sa New Jersey ta tilasta manna jar alama a lambar mota tun 2010, duk da cewa iyaye da yawa sun yi ƙorafin tana nuna wa miyagu motar da yaro yake ciki. A inda kuma ake iya samun lasisi ba tare da an taɓa zama gaban mai jarrabawa ba, ko a ƙara wa yaro shekara biyu a takardar haihuwa, to maganar hawa-hawa ba ta ma taso ba sai an toshe wannan ɓarakar. Akwai kuma giɓin da ke cikin dokokin jihohin Amurka da yawa, inda takunkumin yake ƙarewa da zarar an cika 18, har wasu matasa suke jira su kai shekarun su tsallake matakan gaba ɗaya. Ontariyo ta fi su dabara, domin matakanta sun hau kan kowane sabon direba ko da ya yi furfura, kuma a ganina haka ya dace. Ƙorafin da na fi bai wa nauyi shi ne na matashin da ke aikin dare ko yake kai ƙannensa makaranta, kuma dokoki da dama sun ware masa uzuri a rubuce.

Amma kafin jami'i ya ga yaro a titi, wani ne ya miƙa masa makulli, ko ya ajiye shi a inda ya san za a ɗauka. Mu iyaye mun iya alfahari da cewa ɗanmu ɗan sha huɗu ya iya mota, muna aikensa da ita don mu huta, ranar da abu ya faru kuma mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci ma gaskiya ne, kuma ana tambayar mutum a kan sakacinsa. Indiya ta gyara dokar motocinta a 2019 ta ɗora laifin a inda ya dace: idan yaron da bai kai shekaru ba ya aikata laifin tuƙi, uba ko mai motar ne zai fuskanci ɗaurin da ya kai shekara uku da tarar rufi 25,000, a soke rajistar motar na shekara guda, shi kuma yaron ba zai samu lasisi ba sai ya kai 25. Ina kira ga masu tsara dokoki a ko'ina su duba wannan tanadi da idon basira, su haɗa shi da matakan da na ambata, domin uban da ya san shi za a kama zai fi kowane jami'i sanin inda makulli yake kwana.

Ni ban jira doka ba. Bayan abin da ya faru ran nan, na zaunar da ɗana na shimfiɗa masa sharuɗɗa na wata shida: babu tuƙi bayan ƙarfe tara na dare, babu ɗaukar aboki ko ɗaya, waya tana cikin aljihun gaban mota har ya kashe inji, kuma duk tafiyar da za ta fitar da shi babbar hanya sai ina ciki. Ya ɓata rai, ya ce lasisinsa da nawa hukuma ɗaya ce ta buga su, na ce haka ne, amma motar tawa ce. Yanzu idan muka fita tare nakan sa shi ya riƙa faɗin abin da yake hangowa da baki, kuma a makon jiya shi ya riga ni ganin wani mai keke da ke shirin fitowa daga bayan wata babbar mota.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya kiyaye hanya.

Naka,
Wani uba mai bibiyar jaridarku