Maganar Sauya Jami'ar Ɗanmu

Birnin Kebbi,
Daren Litinin.

Assalamu alaikum, Malam.

Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Wata huɗu ko ƙyas ban ji daga gare ka ba, sai da maganar yaron nan ta taso, cewa yana so ya sauya jami'a ya ci gaba da karatunsa na Nazarin Addinin Musulunci. Na yafe, amma jarkar manjan nan tana nan bashi.

Abin da ya hana ni barci shi ne cewar da ka yi zai daina zuwa makarantar kuɗin tun yanzu. Don Allah kada ya yi. Ya ci gaba da rajista har sai takardar amincewa ta fito a rubuce daga Jami'ar Danfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Gusau. Maganar baki daga wani malami a sashe ba amincewa ba ce; majalisar malaman jami'a ce ke yanke hukunci.

Farko ya biya duk bashin da ake bin sa, don ba za a saki cikakken sakamakonsa ba sai ya biya. Takardar kuma ba a hannunsa za ta tafi ba, daga ofishin magatakarda take zuwa ofishin magatakarda, a rufe da hatimi. Ya haɗa da littafin sashensu mai bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa. Nan ne mutane ke sakaci. Sashen da zai karɓe shi zai ɗauki kwas ɗaya ɗaya ya gwada da nasa: Ulumul Ƙur'an, Musɗalahul Hadis, Usulul Fiƙhu, Sira. Suna ɗaya ba ya wadatarwa. In nasa yunit (ma'aunin nauyin kwas) 2 ne nasu 3, ko nasa ya tsaya a ibada nasu ya kai ga mu'amala, sai ya sake. Kwas ɗin da ya faɗi kuwa ba a lissafa shi sam. Digirin shekara huɗu yunit 120 ne mafi ƙaranci, kuma jami'ar da za ta ba da digirin tana so a yi kaso mai tsoka daga cikinsu a gidanta. Shi ya sa galibi a aji biyu ake ajiye mai sauyi, ko da ya gama aji biyun a can. Ka shirya masa zuciya tun yanzu.

Af, mai shayin ƙofar gidanku ya aurar da 'yarsa, ya ce in gaya maka fushi yake. Shinkafa kuma ta yi kyau a fadama bana.

Sai JAMB. Dole sauyin ya shiga kundinsu, in ba haka ba sunansa zai ci gaba da zama a tsohuwar makaranta, ranar tura sunaye bautar ƙasa a rasa shi. Ya duba kiredit biyar ɗinsa, har da Turanci, a zama bai wuce biyu ba. Sakamakon NBAIS, wato hukumar jarrabawar makarantun Arabiyya da Islamiyya, karɓaɓɓe ne. Rubutun sunansa ya zama iri ɗaya a ko'ina.

Tunda zai motsa, ya zaɓi kwas da idon basira. Ni dai da koyarwa ce burinsa, digirin Ilimi da Nazarin Addinin Musulunci nake ba shi shawara: akwai koyon koyarwa a ciki, kuma yana buɗe ƙofar rajista da TRCN, hukumar rajistar malaman makaranta, kai tsaye. Mai zallan digirin addini sai ya ƙara difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Karatun lauyan Shari'a shekara biyar ne, ga makarantar lauyoyi a gaba, kuma wasu jami'o'in suna neman kiredit a Adabin Turanci, wanda ɗaliban Arabiyya da yawa ba su zauna ba.

Turo min hoton sakamakonsa na zango huɗun nan kafin Juma'a, da shekarunsa, saboda wanda ya haura 30 ranar kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Kabi.